Mayafin da Sarkin Yaƙi Ya Rina

A zamanin da, can ƙasar Hindu, tsakanin wasu duwatsu biyu masu kama da tozon raƙumi, akwai wata 'yar masarauta da ake kira Talawana. Mutanenta manoman shinkafa ne da maƙera. Suna da ganuwa mai kauri, suna da ramukan tama a bayan gari, suna kuma da madatsar ruwa da kakanninsu suka gina a saman fadama, wadda ake buɗewa da rani a shayar da gonaki. Abu biyu suka rasa: ba su da sarki babba, ba su kuma da isassun maza. Annoba ce ta ɗauke sarkinsu da rabin mayaƙansa a shekara guda, ta bar musu 'yarsa Wasanti, 'yar shekara tara, wadda in ta hau gadon sarauta ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Nauyin ƙasa ya faɗo a wuyan Wirasena, Sarkin Yaƙi. Tsoho ne mai tabon takobi a kunci, mai saurin hawa, amma ba mugu ba ne. Shi ya riƙe hannun marigayi yana cikawa, ya yi masa alkawarin tsare yarinyar da garin. A duniya kuwa annoba ta bar masa mutum ɗaya tak, ɗansa Dewaka, saurayi gwanin baka.

Ranar da ruwan farko ya sauka, wasu baƙi suka iso ƙofar gabas. Kawunansu a aske tas, ƙafa ba takalmi, kowa ya yafa rawayen mayafi. Babbansu, wani dattijo mai suna Kemako, ya roƙi a bar su su zauna a lambun mangwaron sarki har damina ta wuce. Wirasena ya tsaya a kan ganuwa yana kallon kafaɗunsu, ya ja tsaki.

"Dubi ƙarti," ya ce wa Dewaka. "Kowannensu ya isa ya ɗauki mashi, sun ɓuge da yawo da zanen mata."

Ba a daɗe ba ungulaye suka fara sauka a kan rumfar fada, masanin taurari ya ce alamar jini ce. Wirasena ya ce alamar mahauta sun daina share kasuwa ce. Amma da jakadan Karapura, babbar masarautar da ke gabas da su, ya shigo fada da laka har gwiwa, ko shi bai yi dariya ba.

Jakadan ya tsaya bai durƙusa ba, ya ɗaga murya. "Rudraka, Sarkin Karapura, guguwa mai karya ɓaure, ubangidan giwaye, ya ce in faɗa wa mutanen Talawana: gado ba wurin wasan yara ba ne. Ku buɗe ƙofa, ku miƙa ramukan tama, a bar yarinya ta ci gaba da cin tuwonta. In kun ƙi, giwaye za su buɗe da kansu. Rundunarmu tana ƙetaren fadama, kuna iya hawa ganuwa ku ƙirga."

Da ya fita aka zauna shawara. Waziri Danapala ya gyara rawani ya ce, "Ranki ya daɗe, ciyawar da ta kwanta wa iska ita ke ganin kaka. Mu ba shi tamar." Sarkin Maƙera ya ce tama ce garin, in ta tafi me ya rage? Galadima ya ce a aika wa sarakunan kudu, aka tuna masa cewa hanyar kudu tana hannun Rudraka. Aka yi ta juya magana har rana ta take.

Sai Wasanti ta ce, "Baƙin nan na lambu, ta ina suka biyo?"

Hanyar gabas ɗaya ce, kuma ta tsakiyar Karapura ta ratsa. Aka aika a kira Kemako.

Dattijon ya shigo a hankali, yana duban inda zai sa ƙafa. Wasanti ta tambaye shi wane sarki suke yi wa aiki.

"Ba mu da sarki, ranki ya daɗe, malami muke da shi, ya kuwa rasu tun kafin a haifi kakana. Ɗan sarauta ne daga gindin duwatsun arewa. Mahaifinsa ya killace shi cikin daɗi don kada ya ga abin baƙin ciki. Wata rana ya fita, ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa. Ya tambaya ko shi ma haka zai zama, aka ce masa kowa ma. Sai ya bar gidan, ya shiga daji neman maganin abin."

"Ya samu?" in ji Wasanti.

"Ba nan da nan ba. Ya fara horar da jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa, bai samu komai ba. Sai ya gane cewa zuciya kamar tukunyar shinkafa ce: wuta ta yi yawa ta ƙone, ta yi kaɗan ta ƙi nuna. Ya ci abinci, ya zauna a gindin wani ɓaure, ya natsu har ya ga abin sarai. Daga nan ake ce masa Buddha, wato wanda ya farka. Abin da ya koyar huɗu ne. Rayuwa tana tattare da wahala. Tushen wahalar ƙishirwar zuciya ce, a samu wannan a so wancan. Ƙishirwar tana iya mutuwa. Akwai kuma hanyar kashe ta, mai rassa takwas, wadda ta haɗa da gyara magana, da gyara aiki, da..."

"Dattijo," Wirasena ya katse shi, "giwaye suna ƙetaren fadama. A cikin rassan nan takwas akwai wanda ke tsayar da giwa?"

"Babu."

"Za ku roƙa mana nasara?"

"Muna yi wa kowane mai rai fatan lafiya, har da su."

"Har da su! To za ka kai wa sarakunan kudu saƙona?"

"Ba ma ɗaukar saƙon sarakuna."

"Da kuka wuce sansaninsu, mahara nawa ka gani?"

"Ƙa'idarmu ta hana mu tsayawa kallon runduna. Ƙasa nake duba."

Wirasena ya dafe kai da hannu biyu. "To me kuke yi? Ku ci shinkafarmu ku duba ƙasa? Yaya ma aka yi Rudraka, wanda ko akuya ba ya bari ta wuce, ya bar ku?"

"Ba wanda ke tare mu," in ji Kemako. "Daga bakin babban kogi har nan mun ratsa masarautu da yawa, wasu suna yaƙi da juna. Kowa ya san babu komai a ƙarƙashin mayafin nan sai mutum. Da haka koyarwar ta kai inda ta kai."

Wirasena ya ɗago kai a hankali. Wanda ya san shi ya san wata dabara ta faɗo masa.

Washegari ya tafi lambu da kansa, ya ce a ara masa mayafai. Zai sa wa zaɓaɓɓun samari, su shiga sansanin Karapura da gajerun takubba a ɓoye, su kama Rudraka a shimfiɗarsa, yaƙi ya ƙare ba a zubar da jinin talaka ba. Kemako ya saurare shi har ƙarshe.

"Ba zan ba ka ba, Sarkin Yaƙi. Ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai masu sa shi a garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Ranar da aka zaro takobi daga cikinsa, duk ƙofar da aka buɗe musu za ta rufe. Ina roƙonka ka bar wannan shawara."

"Ka roƙi giwaye," in ji Wirasena, ya juya.

Zane dai zane ne. Ya sa aka sayo farin ƙyalle, marina suka tsoma shi a kurkum. Ya zaɓi samari, ya sa Dewaka a gabansu, don ba ya aika 'ya'yan mutane inda ba zai aika nasa ba. Wanzami ya aske sauran, shi kuwa ya karɓi askar ya aske ɗansa da hannunsa. Ya koya musu tafiya a hankali da duban ƙasa, har ya ce sun fi na gaskiyar kama.

Wasanti ta same su a tsakar gida. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, na lura da wani abu. Tun da baƙin nan suka zo, suna shiga gari da safe su koma, amma ba wanda ya kama hanya ya tafi. Ka tambaye su dalili?"

"Lalaci ne, ranki ya daɗe, da tsoron laka. Je ki wajen darasinki."

Samarin suka fita ta ƙofar yamma, suka zagaya bayan dutse don a ga kamar daga nesa suke.

Ba su dawo ba. Wanda ya dawo jakadan Karapura ne, da ƙunshi a kansa. Ya kwance shi a gaban gado: rawayen ƙyalle ne, an naɗe takubba a ciki. Wannan karon dariya yake yi.

"Ubangidana ya ce in yi wa Sarkin Yaƙi barka da dabara. Sai dai ko 'yan matan da ke ɗebo mana ruwa sun san masu rawayen mayafi ba sa tafiya da damina. Inda ruwan farko ya same su, nan suke zama, don kada su tattake shuka da ƙananan halittu. Uwar sarkinmu ta daɗe tana ciyar da su, ita ta ce a gwada waɗannan. Aka kawo musu shinkafa da la'asar, alhali na gaskiya ba sa cin komai in rana ta karkata. Naku suka cinye har da suɗe kwano. Yanzu suna ɗaure. Ubangidana ya kuma sa an kamo duk mai rawayen mayafi a ƙasarsa an ɗaure tare da su, tunda ba a san na ƙwarai ba. Ranar da muka shigo garin nan, giwaye za su bi ta kansu."

Wirasena bai san lokacin da ya isa lambu ba. Ya tarar da Kemako yana shara.

"Ka sani! Ka san ba ku tafiya da damina, ka yi mini shiru!"

"Na ce maka kada ka yi. Da na nuna maka inda dabarar ta yage, da na taya ka ɗinke ta." Dattijon ya jingine tsintsiya. "Amma tun da suka fita nake tunanin yaran nan. Ban san ko shirun ya yi daidai ba."

Wirasena ya juya ya fita. Ya fi son a yi masa gardama.

Rudraka kuwa nasarar nan ta shiga kansa. Manyan mayaƙansa suka ce a jira ƙasa ta bushe, ya ce garin da ya koma aske samarinsa ba shi da sauran ƙarfi. Mutumin da ya yi wa wani dariyar rashin sanin damina, shi ne ya kora giwaye cikin fadama da tsakiyarta.

Da hantsi aka buga tambura. Wirasena yana kan ganuwa, ya ga giwaye sun jeru suna ratsa shinkafa, Rudraka a kan ta gaba ƙarƙashin farar laima. Ya bar su har suka kai tsakiya, inda laka ta fi zurfi, sa'an nan ya ɗaga jan tuta. Manoma suka zare itatuwan madatsa. Ruwan da ya taru tun farkon damina ya sauko da ƙara kamar aradu. Giwaye suka nutse har ciki, suka yi ta kururuwa suna watsar da mahayansu. Dakarun Karapura suka jefar da garkuwa suna neman tudu. Mazan Talawana, waɗanda suka san kowace kunya ta fadamar tun suna yara, suka bi ta kansu da mashi a hannu. Kafin rana ta take an jawo Rudraka daga laka, ba laima ba takalmi, an kawo shi ƙofar gari.

Gari ya ɗauki guɗa. Wirasena bai yi murna ba, domin daga kan ganuwa yana hango sansanin. Waɗanda suka tsira sun kai labarin cewa sarki ya mutu, ga shi an fara fito da ɗaurarru fili, ana jawo giwayen da suka rage.

Ya aika manzo da ganyen sulhu, aka koro shi da kibau. Ya aika wani da zoben Rudraka, aka yi masa ihu daga nesa cewa daga yatsan gawa ake cire zobe. Waziri ya ce a kai Rudraka kansa su gani.

"Mu kai shi bakin sansaninsa su ƙwace?" in ji Wirasena. "Sa'an nan mu rasa shi, mu rasa yaran, mu rasa garin? Daga nan kuwa, cikin lakar nan, uwarsa ma ba za ta shaida shi ba." Ya buga ƙafa a ƙasa. "Gaskiya nake faɗa musu! Yau gaskiya nake faɗa!"

"Sun ga kurkum ɗinka, Baba," in ji Wasanti a hankali.

Sai ga Kemako ya iso ƙofa da sandarsa. Ya tsaya gaban Rudraka, ya dube shi sosai, ya tambaye shi ko ya ji ciwo. Sa'an nan ya ce a buɗe masa.

"Ina ce ba ku tafiya da damina?" in ji Wirasena.

"An yarda mu fita na ɗan lokaci in 'yan'uwa suna cikin matsi."

"To ka ce musu Sarkin Yaƙi ya ce..."

"Ba na ɗaukar saƙo. 'Yan'uwana zan je dubawa. In an tambaye ni ko Rudraka yana da rai, zan faɗi abin da idona ya gani."

"To ai saƙon ke nan!"

"Kai ka faɗa."

Wirasena ya ɗaga hannu sama don takaici, ya ce a buɗe ƙofa kafin tsohon nan ya kashe shi da ransa.

Suka hau ganuwa, shi da Wasanti, suna kallo. Dattijon ya bi kan kunya yana duban ƙasa, ba sauri. A da, da masu gadin Karapura sun hango launin nan sai su sauke baka. Yau suna hango shi suka ɗana. Kibiya ta farko ta faɗa ruwa. Ta biyu ta same shi a cinya, ya durƙusa.

Wirasena ya ji kamar a jikinsa. Ya san wanda ya harba kibiyar nan, ba kuma wanda ya ja bakan ba ne.

Kemako ya dogara sanda ya miƙe. Ya kwance mayafin daga kafaɗarsa, ya ware shi da hannu biyu, ya kakkaɓe a iska. Babu komai a ciki. Babu komai a jikinsa sai haƙarƙarin tsoho da ɗan zanen ƙugu. Ya ci gaba da tafiya a haka, yana jan ƙafa, mayafin a buɗe. Ba a sake harbi ba. Can suka hango wata tsohuwa ta fito daga babbar rumfa, mayaƙa suna darewa, ta zo ta tsaya a gabansa. Ba su ji abin da aka faɗa ba. Sun dai ga an mayar da giwaye.

Kafin la'asar aka yi musaya a tsakiyar fadama. Rudraka ya rantse a gaban uwarsa, wato tsohuwar nan, cewa ba zai sake ƙetaro ruwan nan ba, aka sake shi. Ɗaurarru suka taho, na gaskiya da na kurkum a gauraye. Dewaka ne a baya, ya goyo Kemako.

Dattijon bai mutu ba, amma bai sake tafiya ba tare da ɗingishi ba. Dewaka ya yi ta jinyarsa a lambu har damina ta janye. Da gashinsa ya tsiro, sai ya sake askewa. Ranar da baƙin suka shirya wucewa yamma, ta hanyar da babu mai rawayen mayafi da ya taɓa bi, saurayin ya zo fada ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, Baba, ina so in bi su. Da muna ɗaure, na kusa da ni na gaskiya ne. Saboda mu aka kama shi, amma da ya ga ina rawar jiki sai ya matso ya koya mini yadda zan bi numfashina. Ina so in san abin da ya sani. Dattijo ya ce ba sa karɓar ɗa sai da yardar mahaifi, ba sa kuma karɓar mayaƙi sai da yardar mai gado."

Wirasena ya juya ga Kemako, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ba ka ɗaukar saƙo, ba ka kallon runduna, ba ka riƙe mashi, amma ka iya ɗauke gwanin bakan gari guda!"

"Ban kira shi ba, Sarkin Yaƙi. In ka ce a'a, zai zauna, ba kuma za mu ji haushi ba."

"Na san ba za ku ji ba! Abin da ke ba ni haushi ke nan!"

Wirasena ya daɗe yana kallon kan ɗansa, kan da ya fara askewa da hannunsa. Ya tuna ya taɓa aika yaron nan cikin mayafin ƙarya, bai ko tambaye shi ba. Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Ku ba shi na gaskiya. Wancan kurkum ɗin zuba yake yi."

Wasanti ta ba da tata yardar. Ta raka su har ƙofar yamma, ta tsaya kusa da Wirasena, wanda ke gunaguni cewa ko takalmi ba za su bar yaron ya sa ba, ta riƙe masa hannu har suka ɓace a bayan dutse.

Ba ta fahimci rassa takwas ba tukuna, yarinya ce. Abin da ta fahimta shi ne, mutanen nan ba su da mashi ba su da giwa, amma ana buɗe musu ƙofa domin an yarda da maganarsu, kuma ƙarya guda ta kusa rufe ƙofar, sai da wani ya ba da jininsa kafin ta sake buɗuwa.